VAR: mene ne shi, yaya yake aiki, kuma me ya sa gardama kan alƙalan wasa ba ta ƙare ba

VAR taƙaitaccen suna ne da ya fito daga Ingilishi, a Faransanci kuma ana ce da tsarin assistance vidéo à l'arbitrage. Mutane sun saba cewa "na'urar VAR", amma a ƙa'idar ƙwallon ƙafa sunan mutum ne: alƙalin wasa da ke zaune cikin wani ɗaki gaban allunan talabijin, yana sake kallon abin da ya faru a fili, yana magana da alƙalin tsakiya ta na'urar da ke maƙale a kunnensa. Kamarori suna ba shi hoto, shi kuma yana ba da shawara. Hukunci na ƙarshe yana hannun mai usur a cikin fili. Rashin rarrabe waɗannan abubuwa uku shi ne tushen rabin gardamar da ake tafkawa a fadoji da gidajen kallo, daga Maraɗi har Damagaram, duk daren da aka soke wata ƙwallo.

Kafin zuwan bidiyo

Ƴan Nijar suna da nasu labari a wannan fage. Ranar 11 ga Yunin 1998, a birnin Bordeaux, Lucien Bouchardeau ɗan Nijar ne ya hura wasan Italiya da Chile a gasar cin kofin duniya. Chile tana gaba da ci 2 da 1, duka biyun Marcelo Salas ne ya zura, saura kamar minti biyar a tashi, sai Roberto Baggio ya bugo ƙwallo ta daki hannun Ronald Fuentes da ke dab da shi. Bouchardeau ya ba da fenariti, Baggio ya ci, aka tashi 2 da 2. Ƴan Chile sun yi ta kuka da hukuncin, kuma ba a sake ba shi wani wasa a gasar ba. Ya rasu a watan Fabrairun 2018, kwanaki kaɗan kafin a shigar da VAR cikin dokokin wasa. Da a ce akwai bidiyo a wancan lokaci, da wuya ya raba gardamar, domin ba wanda ya musanta cewa ƙwallo ta taɓa hannu. Abin da ake ja a kai shi ne ko da gangan ne, kuma kamara ba ta ɗaukar niyyar mutum.

Wasu kurakuran kuwa hoto ɗaya ya isa ya warware su. A 1986 Diego Maradona ya ci Ingila da hannu, alƙali Ali Bin Nasser na Tunisiya bai gani ba. A watan Nuwamban 2009 Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu kafin ya ba William Gallas, Faransa ta tafi kofin duniya, Ireland ta zauna gida. Sai ranar 27 ga Yunin 2010 a Bloemfontein: ƙwallon da Frank Lampard ya buga ta daki turken sama, ta faɗo bayan layin ragar Jamus sarai, duniya duka ta gani a talabijin ban da alƙali da mataimakinsa. Sepp Blatter, shugaban FIFA na lokacin, wanda ya daɗe yana ƙin shigar da na'ura cikin alƙalanci, sai da ya nemi afuwar Ingila.

Daga nan aka samu fasahar layin raga, wadda aka amince da ita a watan Yulin 2012, aka yi amfani da ita a kofin duniya na 2014 a Brazil. Ita daban take da VAR, kuma ya kamata a riƙe wannan. Tambaya ɗaya tak take amsawa: ƙwallo gaba ɗayanta ta ƙetare layi ko ba ta ƙetare ba? Kamarori bakwai ne ke kallon kowace raga, cikin daƙiƙa ɗaya saƙo ya iso agogon hannun alƙali. Ba ruwanta da ra'ayin kowa, shi ya sa ba kasafai ake jin ana faɗa a kanta ba.

Wa ya kafa dokar

FIFA ba ta da ikon sauya dokokin ƙwallo ita kaɗai. Wannan aiki ne na hukumar IFAB, wadda aka kafa tun 1886. Ƙuri'u takwas ne a cikinta: huɗu na FIFA, sai ɗaya ɗaya na Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa, kuma ba a sauya doka sai da ƙuri'a shida. Hukumar ƙwallon Holan ce ta fara gwada tunanin alƙali mai kallon bidiyo a farkon shekarun 2010. IFAB ta ba da izinin gwaji a watan Maris na 2016, a watan Disamba na shekarar kuma, a gasar kofin duniya ta ƙungiyoyi a Japan, Viktor Kassai ɗan Hungary ya ba Kashima Antlers fenariti a kan Atlético Nacional bayan ya je ya kalli allo. Jamus da Italiya sun ɗauki tsarin a kakar 2017-2018. Ranar 3 ga Maris 2018 aka rubuta shi cikin doka. Faransa da Sipaniya suka bi a kakar 2018-2019, gasar zakarun Turai daga Fabrairun 2019, Ingila kuma sai a kakar 2019-2020.

Kofin duniya na 2018 a Rasha shi ne ya nuna wa kowa VAR. Ɗakin bidiyon yana Mosko, da alƙalai huɗu a kowane wasa da kamarori 33. Fenariti na farko da aka bayar ta wannan hanya na Antoine Griezmann ne a wasan Faransa da Ostireliya ranar 16 ga Yuni. An ba da fenariti 29 a gasar, alhali mafi yawan da aka taɓa gani kafin nan 18 ne. Bayan wasanni 48 na rukuni, FIFA ta ce an duba al'amura 335, kuma daidaiton hukunci ya tashi daga kashi 95 cikin ɗari zuwa 99,3. Ƙididdigar FIFA ce a kan aikin FIFA, don haka a karɓe ta da wannan sani. Magoya bayan Najeriya, alal misali, ba su manta ba cewa alƙali Cüneyt Çakır ya kalli ƙwallon da ta sauka a hannun Marcos Rojo ya ce babu laifi, kuma Rojon ne ya dawo ya ci ƙwallon da ta kore su.

Abin da VAR ke iya taɓawa

Ƙa'idar da aka kafa a 2018 ta ware abubuwa huɗu: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenariti ne ko ba fenariti ba, jan kati na kai tsaye, da kuma idan alƙali ya ba wani kati a madadin wanda ya yi laifin. A tsarin na asali, katin gargaɗi na biyu da bugun kusurwa da jifa ba sa ciki. Ko a cikin huɗun nan ma, alƙalin bidiyo ba ya sa baki sai in kuskuren a fili yake ƙarara, ko kuma wani babban abu ya faru alƙali bai gani ba. Idan hukunci ne da alƙalai biyu za su iya saɓawa a kansa, to maganar na cikin fili ce ke tsayawa.

Ɗakin bidiyo yana duba duk ƙwallon da aka ci da duk faɗuwar da aka yi a da'irar mai tsaron gida, ko an roƙa ko ba a roƙa ba, yawanci ba tare da ƴan kallo sun sani ba. In ya ga matsala sai ya sanar da alƙali. Abin da ya shafi awo, kamar satar gida ko laifin da aka yi a ciki ko a wajen da'ira, alƙali yana iya karɓar maganar ɗakin ya yanke. Abin da ke buƙatar fahimta, kamar ƙarfin ƙeta ko taɓa ƙwallo da hannu, sai ya zana siffar talabijin da hannuwansa, ya ruga bakin fili ya kalla da idonsa. Ɗan wasan da ya dame shi da wannan alama don ya tilasta masa zuwa kallo, katin gargaɗi ne hukuncinsa.

Akwai ƙa'idoji uku da ba kowa ya san su ba, kuma su ne suka fi haddasa rigima.

Ta farko: in an ci ƙwallo, ana komawa baya a duba harin tun daga inda ƙungiyar ta karɓe ƙwallon. Wannan ne ya faru a Bouaké ranar 7 ga Fabrairun 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na CAN tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu. Victor Osimhen ya ci ta biyu, ƴan Najeriya suna murna, sai aka kira alƙali Amin Omar na Masar ya ga Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau ƙeta a ɗaya gefen filin kafin harin ya tashi. Aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba Afirka ta Kudu fenariti, Teboho Mokoena ya farke. Daga 2 da 0 wasa ya koma 1 da 1 cikin minti kaɗan. Hukunci ne mai ɗaci ga wanda ya sha shi, amma daidai yake da doka, kuma Najeriya ta tsallake a bugun fenariti.

Ta biyu: in an riga an ci gaba da wasa bayan tsayawa, ba a komawa, sai fa a kan kuskuren mutum wajen ba da kati ko laifin jan kati irin na duka da cizo da tofa yawu. Ranar 30 ga Satumban 2023 Luis Díaz na Liverpool ya ci Tottenham, mai tuta ya ɗaga cewa satar gida ce. Alƙalin bidiyo, Darren England, ya ja layi ya ga babu satar gida, amma ya ɗauka cewa an riga an ba da ƙwallon a fili, sai ya ce an gama dubawa. Alƙalin tsakiya ya fahimci cewa an tabbatar da sokewar, ya ce a buga. Daƙiƙu kaɗan bayan haka suka gane kuskuren, amma ƙa'ida ta riga ta ɗaure su. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa laifi, ta fitar da muryoyin da aka naɗa, Liverpool dai ta tafi gida da rashin nasara 2 da 1. A gefe guda kuma, usur ɗin tashi ba ya hana dubawa: a Satumban 2020 an kira ƴan wasan Brighton da Manchester United bayan an hura tashi, Bruno Fernandes ya buga fenariti, United ta ci 3 da 2.

Saboda irin haka ne mai tuta yake jinkirin ɗaga tutarsa in hari ya yi kusa da raga, abin da ke ba masu kallo haushi. In aka busa usur kafin ƙwallo ta shiga, wasa ya mutu, bidiyo ba ya iya dawo da ƙwallon da ba a ci ba a idon doka.

Ta uku: lalacewar na'ura ko kuskuren alƙalin bidiyo ba ya ɓata sakamakon wasa. Afirka ce ta fi kowa sanin nauyin wannan jimla.

VAR a Afirka

Daren 31 ga Mayun 2019, a filin Radès na Tunisiya, Espérance ta karɓi Wydad ta Casablanca a karawa ta biyu ta wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka. An yi 1 da 1 a Rabat. Espérance tana gaba da ci ɗaya ta ƙafar Youcef Belaïli, sai Walid El Karti ya farke da ka wajen minti na 59. Aka ɗaga tuta. Ƴan Wydad suka nemi alƙali Bakary Gassama ɗan Gambiya ya je ya kalli allo, allon yana nan a bakin fili amma tsarin ba ya aiki. Suka ƙi ci gaba da wasa. Shugaban CAF na lokacin, Ahmad Ahmad, ya sauko fili da kansa, aka shafe fiye da awa guda ana ja-in-ja, daga ƙarshe Gassama ya hura tashi aka miƙa wa Espérance kofi. Bayan kwanaki CAF ta ce a sake wasan, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta rushe wannan mataki a ƙarshen Yuli, kofin ya tabbata ga Espérance. Hotunan talabijin sun nuna cewa Wydad tana da hujjar yin ƙorafi. Abin da ba ta da shi shi ne ikon barin fili.

A CAN ta 2019 a Masar sai daga zagayen ƙungiyoyi takwas aka fara amfani da VAR. A wasan ƙarshe, Sidi Alioum na Kamaru ya ba Senegal fenariti kan cewa Adlène Guedioura ya taɓa da hannu, ya je ya kalla, ya janye, Aljeriya ta ɗauki kofi da ci 1 da 0. Karo na biyu ke nan cikin shekara guda da kaɗan da allo ya ƙwace wa Senegal fenariti, domin a Rasha ma an janye wanda aka ba Sadio Mané a wasansu da Kolombiya. CAN ta Kamaru, a farkon 2022, ita ce ta farko da aka yi duka wasanni 52 da VAR. Amma a can ne kuma Janny Sikazwe na Zambiya ya hura tashi a minti na 85 na wasan Tunisiya da Mali, ya dawo da wasa, ya sake hurawa kafin minti 90 su cika. Duba agogo ba ya cikin abubuwa huɗun da aka ba ɗakin bidiyo.

Inda gardamar take

Satar gida kamar abu ne na awo, amma awon yana da iyaka. Kamarar talabijin ta yau da kullum tana ɗaukar hoto 50 a daƙiƙa. Ɗan wasan da ke gudun kilomita 30 a awa yana shafe kusan santimita 17 tsakanin hoto da hoto. Ke nan in mutum ne ke zaɓar hoton da ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa, soke ƙwallo saboda santimita biyu ko uku ya wuce abin da kayan aikin ke iya tabbatarwa. Don rage wannan ne FIFA ta kawo sabon tsari a Ƙatar a 2022: kamarori 12 a ƙarƙashin rufin fili suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ga kuma wata ƴar na'ura cikin ƙwallon da ke aika saƙo sau 500 a daƙiƙa. Da shi aka soke ƙwallon Enner Valencia na Ekwado minti uku da buɗe gasar. Awon ya inganta, tambayar kuwa tana nan: an kafa dokar satar gida ne don hana ɗan wasa zaman jira a bakin raga, ko don auna kafaɗa da yatsan ƙafa?

Hannu ya fi wuya. IFAB ta sake rubuta wannan doka a 2019, ta gyara a 2020 da 2021. Yadda take, ba duk taɓawa ce laifi ba. Laifi ne in da gangan ne, ko in ɗan wasa ya buɗe hannu ya ƙara wa jikinsa faɗi ta yadda motsinsa bai wajabta ba, ko in shi da kansa ya ci ƙwallo nan take bayan ta taɓa hannunsa ko da bisa kuskure. Wane ne zai faɗi inda ya kamata hannun mai tsalle ya kasance? Fenaritin da Néstor Pitana ya ba Faransa a kan Ivan Perišić a wasan ƙarshe na 2018, bayan ya daɗe gaban allo har ya juya ya sake komawa, har yau alƙalai ba su haɗu a kansa ba. Tambayar Bordeaux ce dai, shekara ashirin bayan Bouchardeau.

Sai rage gudun hoto. Ƙeta ƙarama in aka nuna ta a hankali sau biyar takan koma kamar ta mugunta. Ƙa'idar da kanta ta ce a yi amfani da hoto mai tafiyar hawainiya don gane inda aka taɓa, a koma gudun gaskiya don auna ƙarfi, sai dai ba kullum ake bin wannan ba.

Wanda ke cikin fili ya fi kowa cutuwa, domin yakan zauna minti uku ko huɗu bai san abin da ake dubawa ba, alhali mai kallo a gidan kallo a Tawa ya riga ya ga hoton. Tun 2023 FIFA ta fara sa alƙalai su faɗi hukuncinsu ta lasifika. A Sweden ƙungiyoyi sun ƙi karɓar VAR gaba ɗaya. A Norway, a Yulin 2024, an dakatar da wasan Rosenborg da Lillestrøm bayan magoya baya sun yi ta jefa ƙosan kifi cikin fili don nuna ƙin tsarin. A Ingila kuwa, da Wolverhampton ta nemi a soke shi a Yunin 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ce a bar shi.

Kuskure daban, cin hanci daban

Mai kallo in ransa ya ɓaci, kalmar farko ita ce an sayi alƙali. Yawanci ba haka ba ne, amma zargin bai taso a banza ba. A Nuwamban 2016 Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenariti kan Senegal cewa Kalidou Koulibaly ya taɓa da hannu, alhali ƙwallon a ƙafa ta same shi. FIFA ta kore shi har abada bisa laifin murɗe sakamako, aka sake wasan bayan shekara guda, Senegal ta ci 2 da 0 ta tafi Rasha. A Janairun 2019 kuma FIFA ta haramta wa Ibrahim Chaibou, tsohon alƙali ɗan Nijar, shiga harkar ƙwallo har abada saboda karɓar cin hanci, tare da tarar faran dubu 200 na Suwizilan. VAR yana sa irin fenaritin Lamptey ya yi wuyar wucewa, tun da sai an haɗa baki da mutane da dama kuma ana naɗar muryoyinsu. Wasannin da ba a ɗaukar su da kamarori da yawa, waɗanda su ne mafi rinjaye a nahiyar, suna nan yadda suke.

Kuɗi da kayan aiki

Ba a sayo VAR kamar yadda ake sayo akwatin talabijin. Ana buƙatar kamfanin da zai ɗauki kowane wasa da kamarori da dama, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da hanyar sadarwa tsakanin fili da ɗaki, da alƙalan da suka yi horo na musamman, sannan sai FIFA ta ba da izini. Maroko ce ta fara sa shi a gasarta ta cikin gida a Afirka, Masar ta biyo baya. Gasar Super Ligue ta Nijar, kamar mafi yawan gasannin yammacin Afirka, da idon alƙali da na masu tuta ake yin ta.

FIFA ta fito da hanyoyi biyu masu sauƙin kuɗi. Ɗaya ƙaramin VAR ne da ke aiki da kamarori huɗu zuwa takwas. Ɗayar, wadda ake kira FVS, babu alƙalin bidiyo a cikinta sam. Kowane mai horarwa yana da damar neman a duba hukunci sau biyu a wasa, alƙali ya je bakin fili ya kalli hoton da ke akwai, in mai horarwa ya yi gaskiya damarsa ba ta ƙonewa. An gwada ta a kofin duniya na mata ƴan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, da na maza ƴan ƙasa da 20 a Chile a 2025. Ita ce ta fi kusa da ƙarfin ƙasashe irin Nijar, sai dai kamara ɗaya ko biyu da ke tsakiyar fili ba za su iya tabbatar da satar gida ta taki guda ba, don haka a nan ma maganar mai tuta ce za ta fi tsayawa.